Warin bakin kare da mage: yadda za ka kula da haƙoransu tun kafin dasashi ya ruɓe

Assalamu alaikum yan uwa. Wannan rubutun na yi shi ne saboda mu da muke zaune a Legas kuma Allah ya ɗora mana kula da kare ko kyanwa, ko naka ne ko na mai gidanka. Kowa dai ya san da yawa cikin yan uwanmu da suke gadi a Lekki, Ikoyi, Magodo ko Ikeja ba get kaɗai suke tsarewa ba, sune masu ba karnukan oga abinci, su wanke keji, su yi musu wanka, wani ma shi ke fita da su zagaye da yamma. Haka masu shaguna da sito a Mile 12, Alaba Rago, Agege da Idi-Araba, da wuya ka bi layi baka ga mage ba saboda ɓeraye, ga kuma iyayenmu mata da yara da suke ajiye mage a gida don sha'awa. Duk waɗannan dabbobin akwai ciwo ɗaya da yake cinsu a hankali, ciwon dasashi, kuma alamarsa ta farko kowa yana jinta da hancinsa amma sai a ce ai haka bakin kare yake. Wallahi ba haka yake ba. Bakin lafiyayyen kare ko mage yana iya yin ƙarnin abinda ya ci, amma ɗoyin da zai sa ka kau da kai ciwo ne, kuma likitocin dabbobi sun tabbatar da cewa yawancin karnuka da maguna kafin su cika shekara 3 sun riga sun fara shi.

Yadda ciwon yake somawa

Babban kare yanada haƙora 42, babbar mage 30. Suna ƙanana kuma kwikwiyo nada 28, ɗan mage 26, sai su fara famfara wajen wata 3 zuwa 4, kafin wata 6 ko 7 manyan sun gama fitowa. Daga nan shikenan, wanda ya fita ya fita kenan.

Duk lokacin da dabba ta ci abinci, cikin yan awanni wata dauɗa mai laushi da yauƙi take kwanciya a jikin haƙori, musamman daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi. Wannan dauɗar cike take da ƙwayoyin cuta, amma tana nan da laushinta buroshi yana ɗauke ta cikin sauƙi. In aka barta kwana 2 zuwa 3 sai sinadaran dake cikin yawu su fara daskarar da ita ta yi kanta, zakaga wani abu ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa ya manne a gindin haƙori, toh wannan buroshi baya cire shi kuma. Kantar nan tanada kaushi, sabuwar dauɗa sai ta ƙara samun wajen maƙalewa, ƙwayoyin cutar su gangara ƙarƙashin dasashi inda ido baya gani. Da farko dasashin zai yi ja ya kumbura ya riƙa jini in an taɓa. A wannan matakin ana iya warkar da shi tas ya koma yadda yake. In ya wuce nan kuwa sai ya fara cin naman da ya riƙe haƙorin da ƙashin muƙamuƙin da saiwar take ciki, kamar dai turken da ruwa ya zaizaye ƙasar gindinsa, turken lafiyarsa ƙalau amma babu abinda ya riƙe shi, sai girgiɗi sai faɗuwa. Likitoci sun kasa shi mataki 4, na farkon ne kawai ake dawo da shi, sauran ukun sai dai a tsayar da ɓarnar, ƙashin da ya tafi baya dawowa da kansa.

Kuma abun baya tsayawa a baki. Saiwar fiƙar sama ta kare tana dab da hanci, in ta ruɓe tana iya huda hanya tsakanin baki da hanci kare ya riƙa atishawa da majina ta kafar hanci ɗaya. A ƙananan karnuka ƙashin haɓa yana iya cinyewa har ya karye da ɗan bugu kaɗan. Sannan likitoci suna alaƙanta daɗaɗɗen ciwon dasashi da lahani a ƙoda, hanta da zuciya. Abinda yafi ban tausayi shine dabba bata nuna ciwon baki, zata ci gaba da cin abinci a hakan tunda yunwa ba'a mata haƙuri, sai mai ita ya ce ai tunda tana ci lafiyarta lau.

Kafin ka kai hannu bakin kowace dabba

Wannan wajen dan Allah kar a tsallake shi. Kada ka taɓa bakin kare ko magen da ba'a yi wa allurar rigakafin haukan kare ba, ana fara ta ne tun suna wata 3 kuma ana maimaitawa, ka tambayi oga ko madam su nuna maka katin. Kuma in ka ga kare ya canza hali kwatsam, yana dalalar da yawu, bakinsa a sake kamar ƙashi ya maƙale masa a maƙogwaro, kada ka zura hannu wai zaka ciro masa, domin haka wani nau'in haukan kare yake bayyana kuma cutar a cikin yawun take. Ka kulle shi ka kira likita. In tsautsayi ya sa an cije ka ko an yakushe ka, ka wanke wajen da ruwa da sabulu na tsawon minti 15 ka wuce asibiti a ranar. Cizon mage ma ba abun rainawa bane, haƙoranta sirara ne suna shiga can ciki, ramin ya rufe da ƙwayoyin cuta a ciki hannu ya kumbura.

Ka sa safar hannu ta roba irin ta asibiti, kowane kemis akwai. Na san da yawanmu abinda yake hana mu kusantar bakin kare maganar tsarki ce. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi duk mai rai ana ɗaukarsa mai tsarki har yawunsa, wasu malaman kuma sun tsananta akan yawun kare, wannan ka koma wajen malaminka. Amma ta kowace fuska safar hannu da wata tsohuwar riga da ka ware don aikin kare sun raba gardama, ka gama ka cire ka wanke hannu ka yi alwalarka. Dabbar da aka tsare a gida tana gadi, ita bata iya fita neman magani, haƙƙinta yana wuyan wanda yake tsaye a kanta.

In kare mafaɗaci ne wanda ko wajen cin abinci yana maka gurnani, irin wasu Boerboel, Rottweiler ko Caucasian da aka horar don cizo, kar ka gwada komai cikin abinda zan faɗa a ƙasa kai kaɗai. Wannan sai da mai shi, ko a barwa likita.

Mataki na farko: ka duba

Ka zaɓi lokacin da dabbar take kwance hankalinta a kwance, bayan ta ci ta huta, wajen da akwai haske. Ka zauna a gefenta kada ka tsaya a gabanta kana mata rumfa. Ba sai ka ɓangare baki ba, leɓen sama kawai zaka ɗaga da babban yatsa ta gefe, ka ja kusurwar bakin baya kaɗan don ka ga turamen can ciki, saboda a nan kanta tafi taruwa, hanyoyin yawu a daidai turamen sama suke buɗewa. Mutane da yawa haƙoran gaba suke kallo su gansu farare su ce ba komai.

Dasashi mai lafiya launinsa ja-ja ne mai haske, a ɗame yake jikin haƙori, babu kumburi. Wasu karnukan nasu yanada baƙaƙen tabbai na halitta wannan ba matsala. Abinda kake nema shine jan layi a gindin haƙora, jini, mugunya, kanta, haƙorin dake motsi ko ya karye ko ya canza launi ya yi toka-toka, dasashin da ya janye har saiwa ta bayyana, ko wani tsiro. A waje kuma ka lura ko tana tauna da ɓari ɗaya, abinci na faɗowa daga baki, tana sosa baki da ƙafa, ta daina son a taɓa mata kai, ko kumburi ya fito a ƙasan ido, wanda sau da yawa ruɓewar saiwar babban turmin sama ne ba ciwon ido ba.

Tunda ka ɗaga leɓen, ka kalli launin dasashin gaba ɗaya, domin a Legas da kaska tayi yawa wannan yana ceton rai. In ya yi fari fat jini ne ya yi ƙasa, zazzaɓin kaska ko tsutsar ciki suna kawo haka. In ya yi ruwan ɗorawa shawara ce. In yana tsatsar jini haka kawai alhali haƙoran a wanke suke, ka yi tunanin cutar kaska ko maganin ɓera, musamman magunan kasuwa da karnukan da suke yawo a bayan gida. Waɗannan ukun ba maganar buroshi bace, asibiti ne a ranar.

In ka tarar bakin ya riga ya lalace, ga jini ga haƙora na girgiɗi, kar ka fara goga. Zafi zata ji, kuma daga ranar ta tsani buroshi kenan. A fara kai ta wajen likita, in ta warke sai a soma.

Mataki na biyu: kayan aiki

Buroshi mai laushi. Akwai na dabbobi mai dogon mariƙi, akwai wanda ake sawa a yatsa, in baka samu ba buroshin jarirai yana yi. Kowace dabba da nata. Sai man goge baki na dabbobi, ana samu a shagunan kayan dabbobi da asibitocinsu da kuma Jumia, yawanci ɗanɗanon kaza ko nama ko kifi ake masa kuma an yi shi ne don a haɗiye, ka duba ranar lalacewarsa kafin ka biya.

Makilin ɗinmu na mutane kar ya kusanci bakinsu. Su basa tofarwa, haɗiyewa suke, kumfar da sinadarin fuloraid suna ɓata musu ciki, wasu makilin ɗin da cingam marasa suga kuma akwai wani abun zaƙi a ciki mai suna xylitol wanda yake faɗar da sugan jinin kare cikin ɗan lokaci ya lalata hanta, yana kisa. Gishiri, gawayi, toka, kanwa, bakar hoda, duk a barsu. Asuwaki ma namu ne, ga kare taunewa zai yi ya farfashe ya soki dasashi. In kuɗin man bai samu ba, buroshi da ruwa zalla ya wadatar, domin gugar ita ce take aikin, man taimako ne da kuma jan ra'ayin dabbar.

Mataki na uku: sabo, kuma a nan ake cin nasara ko a faɗi

Kuskuren da aka fi yi shine mutum ya siyo buroshi yau ya danne kare yau ya cusa masa a baki. Gobe kare na ganin buroshi zai shige ƙarƙashin mota. Ka ɗauki abun a hankali ko da zai kai sati 3 ko wata guda, ba tsere ake ba.

Kwanakin farko babu buroshi sam. Ka shafa masa kai, ka gangaro kumatu, ka taɓa leɓe, ka ɗaga shi na daƙiƙa biyu ka saki, ka yabe shi da muryar da ya saba ji ka bashi ɗan abinda yake so, ɗan tsokar kaza ko wani abu. Ka riƙa yi a lokaci ɗaya kullum a waje ɗaya, misali bayan la'asar kafin abincin yamma, sai abincin ya zama ladansa. In ya saba, sai ka ɗiga man a yatsanka ya lasa, ya gane abu ne mai daɗi. Bayan nan ka naɗe yatsa da bandeji mai raga-raga ko tsumma mai tsabta, ka shafa man, ka goga a fiƙa ɗaya ta waje, shikenan ka ƙyale shi. Washegari fiƙa da haƙora biyu na bayanta. Haka zaka riƙa ƙarawa har ka iya bin gefe guda zuwa turame. Sai a lokacin buroshi zai shigo, shima ka fara bari ya lashi man a jikinsa tukuna.

Ka riƙa tsayawa tun kafin ya gaji. In ka ga yana kau da kai, yana lasar leɓe, jikinsa ya sandare, kunnuwa sun kwanta ko farin idonsa ya fito, ka tsaya, gobe ka koma matakin da ya yarda da shi. Duka ko tsawa a wannan aikin ɓata komai suke. Wanda yake da kwikwiyo ko ɗan mage shi ya fi kowa sa'a, ka fara wasa da bakinsa da zarar an yi masa allurar rigakafin nan, duk da haƙoran nono zubewa zasu yi, sabon kake nema. Lokacin famfara dai ka sassauta saboda dasashin yana musu zafi.

Mataki na huɗu: gogewar kanta

Ka sa man girman ƙwayar wake ka danna shi cikin gashin buroshin don kar ya lashe tun farko. Hannu ɗaya ya riƙe baki a hankali a rufe, yatsa ya ɗaga leɓe. Ka karkata buroshin ta yadda bakin gashinsa zai kalli dasashi, wajen digiri 45, saboda inda kake son sharewa shine ɗan lungun nan tsakanin haƙori da dasashi. Ka riƙa juyawa ƙanana-ƙanana ko gaba da baya a hankali, ba da ƙarfi ba, in gashin buroshin ya baje toh ka danna da yawa. Ka fara da fiƙoƙi da turamen sama, ka dawo na ƙasa, wanda sai ka ɗan sassauta riƙon bakin ya buɗe kaɗan kafin ka samu turamen ƙasa tunda na sama suna rufe su. Ƙananan haƙoran gaba ka barsu ƙarshe, yawancin karnuka nan ne basa so. Ɓangaren waje shine mai muhimmanci, na ciki harshe yana rage masa datti, in ya bari ka goga in bai bari ba kar ka matsa. Rabin minti kowane gefe ya isa, ba'a kuskure baki bayan an gama.

Kullum ake so. In ya gagara toh kwana ɗaya bayan ɗaya, tunda ka ji dauɗar a kwana 2 zuwa 3 take daskarewa, wanda yake yi ranar Lahadi kawai kusan wahalar banza yake. Ɗan jini kaɗan a kwanakin farko yana faruwa in dasashin ya ɗan kumbura kuma yana ɗaukewa in an ci gaba, in ya wuce sati 2 ko yana da yawa a nuna wa likita. Buroshin a wanke a shanya, da damshin Legas in ka jefa shi a leda fumfuna zai yi, a canza shi duk wata 3.

Ƙananan karnukan cikin gida da madam suke so, Lhasa, Eskimo, Pomeranian, Chihuahua, sune suka fi kowa shiga wannan matsalar, bakinsu ƙarami haƙora a cunkushe, ga gashin baki dake riƙe danshi da abinci. Sune kuma fiƙar nono take ƙin faɗuwa, sai ka ga fiƙa biyu jere a waje ɗaya abinci na maƙalewa a tsakani. In kare ya wuce wata 7 kana ganin haka, cirewa ake yi.

Mage kuma sai an bi ta da lallami

Mage bata ɗaukar dole. Ka ɗora ta akan cinya ko tebur bayanta na jikinka, ka tallafo haɓa, ka ɗaga leɓe da yatsa. Ka fara da auduga mai tsinke irin ta goge kunne, ka tsoma a ruwan dafaffen kifi wanda babu albasa babu yaji, ka shafa a gindin fiƙa da turame. In ta saba sai ka koma ɗan ƙaramin buroshi. Daƙiƙa 20 zuwa 30 gaba ɗaya ya isa. Wasu suna naɗe ta da tawul saboda farce, yana yi in bata firgita ba, amma in sai an yi kokawa kullum gara a haƙura a nemi wata hanya wajen likita. Magen kasuwa da bata saba da hannu ba kuwa kallo daga nesa shine naka: tana dalala? gashinta ya cukurkuɗe ta daina lasar jiki? tana zuwa wajen abinci da yunwa ta ɗauka ta yi ƙara ta gudu?

Waɗannan alamun ka riƙe su da kyau domin maguna sunada wasu ciwuka biyu da buroshi baya maganinsu. Ɗaya shine haƙorin ya riƙa narkewa da kansa daga gindi, jiki ne yake cinye shi, zakaga ɗan jan nama ya hau kan haƙorin, in an taɓa haɓarta ta riƙa karkarwa don zafi, yana da yawa a manyan maguna kuma maganinsa cirewa. Na biyu kumburin baki gaba ɗaya har can kusurwar maƙogwaro, ya yi jajir kamar an yanka, mage ta rame ta ƙi ci. Shi wannan sau da yawa sai an cire yawancin haƙoran ko duka kafin ta samu sauƙi. Kar wannan ya tsorata ka, magen gida tana cin abincinta lafiya lau babu haƙori, har ta yi ƙiba. Kuma mage in ta kwana 2 bata ci komai ba kar a jira, hantarta bata jure yunwa.

Abinci da maganar ƙashi

Yawancin karnukan da muke kula da su shinkafa, indomi, teba da kan kifi ko kan kaza suke ci. Abinci mai laushi yana manne wa haƙora, wannan ya ƙara sa gogewa ta zama dole. Busasshen abincin buhu ya ɗan fi, amma kar a ɗauka yana wanke baki, da yawa haɗiye shi suke ko ya farfashe tun kafin ya gogi komai. Ragowar miyar gida kuma a kiyaye, albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da mage ko an dafa su.

Sai ƙashi. Na san wannan zai yi wa wasu nauyi domin mun taso muna ganin ana jefa wa kare ƙashi, kuma wanda yake kusa da abbatuwar Oko-Oba a Agege kusan kyauta yake samu. Gaskiya ne gwaguyar ƙashi tana kankare kanta, amma ƙashin ƙafar saniya yafi ƙarfin haƙorin kare, shine kan gaba wajen fasa babban turmin sama, in ya fashe har ɓargon haƙori ya bayyana sai ruɓa da kumburin ƙasan idon nan da na faɗa. Dafaffen ƙashin kaza kuma tsagewa yake ya soki baki ko hanji, wani ya gilma a saman baki tsakanin turame kare ya yi ta yaƙushin bakinsa, ƙashi mai rami irin zobe kuma yana shigewa haɓar ƙasa ya ƙi fita. Ƙaho, kofato, dutse, ƙanƙara, duk layi ɗaya ne. Gwajin da likitoci suke bayarwa mai sauƙi ne, ka danna abun da farcenka, in bai lotsa ba ya yi tauri da yawa. Ƙwallon tanis ma in ta kwashi yashi tana cinye haƙora a hankali, haka karen da yake wuni yana cizon ƙarfen keji ko sarƙa saboda zaman kaɗaici, zakaga bayan fiƙoƙinsa sun cinye, wannan maganinsa a riƙa sakinsa yana motsa jiki.

Abinda za'a bashi ya tauna: kayan wasa na roba mai lanƙwasuwa, ɗanyen karas, da abubuwan tauna da aka yi don haƙora daidai girmansa, kana wajen yana ci don kar ya haɗiye babban yanki. In zaka siya ka duba ko akwai tambarin VOHC a jikin ledar, wata majalisa ce ta likitocin haƙoran dabbobi a Amurka da take aiki tun 1997, bata ba kaya tambarinta sai an gwada an ga yana rage dauɗa ko kanta. Akwai kuma maganin kuskure baki mai chlorhexidine na dabbobi da wanda ake ɗigawa a ruwan sha, suna taimakawa musamman ga wanda ya ƙi buroshi, amma likita ne zai faɗa maka wanne da kuma yadda za'a yi.

Maganin mutane

Dan girman Allah kar ka ga dabba na ciwon baki ka shiga kemis. Farasitamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage. Ibuprofen da diclofenac suna huda cikin kare su lalata ƙoda. Kafso na kashe ƙwayoyin cuta kuma zai iya rage warin na ɗan lokaci ka ɗauka an warke, yana ƙarewa abun ya dawo tunda ruɓaɓɓen haƙorin yana nan. Haka kankare kanta da reza ko wuƙa ko filaya, ko barin masu wankan kare na gida-gida su kankare da ƙarfe dabba na farke, saman zai yi fari amma ƙarƙashin dasashi inda ciwon yake ba'a taɓa ba, ga ƙarzunan da aka bari a jikin haƙorin zasu ƙara riƙe datti.

Mataki na ƙarshe: asibiti

Ko kana gogewa kullum, sau ɗaya a shekara likita ya duba bakin, lokacin allurar shekara ya fi sauƙi, ƙananan karnuka da tsofaffi kuma duk wata 6. Ka tabbata likitan gaske ne mai rajista da majalisar likitocin dabbobi ta ƙasa, VCN, domin masu yawo da jaka suna allura sun yi yawa. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha da masu zaman kansu a Legas, in aikin babba ne kuma akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ibadan da jami'ar noma ta Abeokuta. Ka tambaya tun a waya ko suna wankin haƙori da inji kuma ko suna ɗaukar hoton haƙora, tunda fiye da rabin haƙori a ɓoye yake cikin ƙashi.

Wankin gaskiya sai an sa dabba barci. Za'a fara gwada jini a ga lafiyar ƙoda da hanta, a ce maka ka hana ta abinci na wasu awanni, ka bi wannan sau da ƙafa kar tausayi ya sa ka bata wani abu da safe, amai a cikin barci yana shiga huhu. Tana barci za'a kankare sama da ƙarƙashin dasashi, a auna zurfin ramin kowane haƙori, a cire waɗanda suka mutu, a goge sauran su yi santsi. Mutane suna tsoron allurar barci kuma ba laifi bane ka tambayi dakta wa zai tsaya yana lura da numfashinta, amma tsufa kaɗai baya hana a yi in gwajin jini ya yi kyau. Ku fita da sassafe kafin gosulo da zafin rana, kare mai gajeren hanci ko mai yawan gashi yana galabaita a mota.

In kai ma'aikaci ne ba mai dabbar ba, kuɗin da shawarar ba naka bane amma idon naka ne, kai kake ganinta kullum. Ka ɗaga leɓen ka ɗauki hoto da waya da rana, ka tura wa oga ko madam ta WhatsApp, ko da broka ce ka ce ranka ya daɗe bakin karen nan yana wari, dasashinsa na jini, yana tauna da gefe ɗaya, ya kamata dakta ya gani. Hoto yana gamsar da mai gida fiye da dogon bayani, kuma kai ma ka fita daga zargi in abun ya yi tsanani daga baya.

Bayan an dawo daga asibiti, ranar farko zata yi ta layi da barci, a ajiye ta waje mai iska nesa da matakala da sauran dabbobi, ruwa kaɗan-kaɗan, abinci sai ta wartsake sosai. In an cire haƙori abinci mai laushi ne na sati 1 zuwa 2, in na buhu ne a jiƙa shi da ruwan ɗumi, babu abun tauna babu wasan jan igiya. Ɗan jini a yawu kwana ɗaya ko biyu ba komai, in yana zuba ko fuska ta kumbura ko ta ƙi ci har kwana 2 a koma. Maganin da aka rubuta a shanye shi duka a kan lokaci, zaren ɗinkin yawanci narkewa yake da kansa. Ka tambayi dakta ranar da zaka dawo da buroshi, in wanki kawai aka yi kwana kaɗan ne, in an yi ɗinki sai ya duba wajen ya ga ya haɗe tukuna.